Kilishinmu ya fi ƙunshinsa



In kun shiga manyan kantunan Yamai, ku dubi kanta. Biskit ɗin waje na tsaye cikin kwalinsa, kilishinmu da ya fi shi daɗi kuma yana kwance cikin baƙar leda, ba suna, ba kwanan wata. Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana irin wannan leda marar kauri, amma kowa ya ga yadda take maƙale a bishiyoyi, ta toshe magudanan ruwa da damina. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin akuya. Mai ƙuli-ƙuli ba za ta bar leda don an yi doka ba, sai an ba ta abin da ya fi ta aiki, kuma kuɗinsa bai cinye ribarta ba. Aikin da nake so mu ɗauka ke nan, mu da muka yi karatu.

Kafin ka zana komi, tambayi abincin me yake tsoro. Kilishi na tsoron danshi, kuma mai yake fitarwa. Shi ya sa masu shi ke naɗe shi a takarda mai kauri, kuma sun yi gaskiya, sai dai a bar takardar buhun siminti, a sayi sabuwa mai tsabta. Garin zogale hasken rana ke kashe masa launi, to a rufe shi, a bar ƴar taga kawai inda mai saye zai leƙa. Albasar Galmi iska take so; ka ɗaure ta a leda, ta ruɓe. Kwandon kaba ya ishe ta, kuma matan ƙauye ne za su ci kuɗin saƙar. Fataken goro ma ai da ganye suke yin huhu, goro ya yi doguwar tafiya bai bushe ba.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne kwali ɗaya mai aiki biyu. A shirya ƙananan ƙunshi a tsaye cikinsa, a ɗauko shi daga Maraɗi ko Damagaram, in ya iso kanti a yage gabansa ta layin da aka huda, shi ke nan ya zama wurin baje kaya. Mai kanti bai sake jerawa ba, ƙura ba ta hau ba. Amma a auna faɗin kantar tukuna, don kantocin unguwa matsattsu ne, abin da bai shiga ba ƙasa za a ajiye shi. A kuma yi ƙunshin daidai aljihun mutane, na dala ashirin da na dala hamsin, tunda haka ake saye.

Ku yi hattara da jakunkuna masu walƙiya, waɗanda aka manne roba da alminiyam da takarda wuri guda. Suna da kyau a hoton Facebook, wallahi na sani, amma raba su da wuya, ƙarshensu bola ko wuta. Takarda zalla ko ƙasa ta cinye ta.

A jikin kwalin a rubuta sunan kaya, nauyi, ranar da aka yi shi da lambar waya, da Hausa da Faransanci. Sati mai zuwa kowa ya zo da ƙunshi ɗaya daga kantin unguwarsu, mu buɗe shi a nan mu ga da me aka yi shi.