Hasumiyar Siluwam da Mutum Goma Sha Takwas

 Karatunmu na yau yana cikin Bishara ta hannun Luka, sura 13, aya 1 zuwa 9. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki a kusa, sai ya buɗe mu bi tare.

Akwai wata tambaya da takan tashi a gidan makoki, ko da ba a faɗe ta da baki ba. In Allah nagari ne, kuma mai iko duka, don me ya bar wannan abu ya faru? Ko yana so ya hana ne bai iya ba? Ko kuwa ya iya, amma bai damu ba? Kada mu tsawata wa mai wannan tambaya. Ayuba ya yi ta, annabi Habakkuk ma ya yi ta, Allah kuwa bai share maganarsu daga cikin Littafinsa ba.

A nassinmu an kawo wa Yesu labari mai zafi. Bilatus, gwamnan Romawa wanda ya mulki Yahudiya daga wajen shekara ta 26 zuwa ta 36, ya sa an kashe waɗansu Galilawa suna cikin miƙa hadaya, har jininsu ya gauraya da na dabbobinsu. Wannan muguntar mutum ce. Sai Yesu da kansa ya ƙara wani labari, na hasumiyar da ta faɗi a Siluwam, a Urushalima, ta kashe mutum 18. A nan babu takobi, babu soja, gini ne ya rushe a kan mutane. Mu ma mun san irin wannan. A watan Yuli na 2024 ginin wata makaranta ya rushe a Busa Buji, cikin Jos, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Iyayen da suka sallami 'ya'yansu da safe ba su san sallamar ƙarshe ce ba.

Mutanen zamanin Yesu suna da amsa a shirye: wanda masifa ta faɗa wa, akwai abin da ya yi. Amsa ce mai daɗi ga wanda ya tsira, gama tana sa ya ji shi mai gaskiya ne. Har yau muna jinta, wani lokaci a bakin masu bi. Mace ta rasa 'ya'ya biyu a jere, sai a fara raɗa cewa akwai zunubin da ta ɓoye, ko kuwa bangaskiyarta ce ba ta kai ba. Yesu ya ƙi wannan amsa sau biyu a cikin ayoyi biyar. Ya ce Galilawan nan ba su fi sauran Galilawa zunubi ba, mutum 18 ɗin nan kuma ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba. Haka ya yi a Yahaya sura 9, da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho, suka tambaya ko laifinsa ne ko na iyayensa. Ya ce ba na ko ɗaya ba ne, ya shafa masa laka a ido, ya aike shi ya wanke a tafkin Siluwam ɗin nan, mutumin ya dawo yana gani.

To, amma ku lura, Yesu bai faɗi dalilin faɗuwar hasumiyar ba. Ya juya maganar kan masu tambaya, ya ce in ba su tuba ba, su ma hallaka tana jiransu. Maganar tana da nauyi. Mun zo ne mu tuhumi Allah a kan muguntar da take waje, sai ga shi ana nuna mana wadda take cikinmu. Mukan ce, da ma Allah ya kawar da mugaye duka yau. Daga ina zai fara, a ina kuma zai tsaya? Ya ɗauke mai kisa, mun yarda. Mai cin hanci fa? Ɗan kwangilar da ya rage siminti? 'Yar kasuwar da ta bubbuge gindin mudu? Mai kai tsegumi? Kafin rana ta faɗi, wa zai rage a cikinmu?

Shi ya sa misalin itacen ɓaure ya biyo baya. Mai gona ya yi shekara uku yana neman 'ya'ya bai samu ba, ya ce a sare. Mai lura da gonar ya roƙa a ƙara masa shekara guda, ya yi masa kaftu, ya zuba taki. Abin da muke gani kamar shirun Allah, sau da yawa wannan ƙarin shekara ce. Haƙurin yana da tsada, gama a cikinsa mugu yana ci gaba da mugunta, marar laifi kuma yana shan wuya. Amma sarewar tana nan tafe, ba a soke ta ba.

Wani zai ce, Allah yana can sama, mu ne muke biyan tsadar haƙurinsa. 'Yan'uwa, ku buɗe sura 23 ta wannan Bishara. Bilatus ɗin nan, wanda ya zubar da jinin Galilawa, shi ne aka tsai da Yesu a gabansa, har ya tambaya ko Bagalile ne. Ya shaida a fili cewa bai sami laifi a gare shi ba, duk da haka ya ba da shi a gicciye. Ɗan Allah ya shiga layin waɗanda aka zalunta, a hannun gwamna ɗaya, a birni ɗaya. In wahala alamar zunubin mai shanta ce, me za mu ce da shi? A rana ta uku kuma ya tashi. A kan wannan ne muke cewa Allah nagari ne ko a bakin kabari, ko da ba mu san dalilin kowace mutuwa ba.

Saboda haka in kun je gaisuwar mutuwa, ku tuna da Elifaz, da Bildad, da Zofar. Kwana bakwai suka zauna a ƙasa tare da Ayuba ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilin wahalarsa ne suka ɓata, har a sura 42 Ubangiji ya yi fushi da su, ya sa Ayuba ya yi musu addu'a. Ku zauna da mai makoki, ku kai abinci, ku ɗebo ruwa. In akwai marayu, ikilisiya ta tambayi kuɗin makarantarsu tun kafin a koma hutu.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba kukan Habakkuk. Ku karanta sura ta 1 kafin lokacin.