Zafin Rana da Haƙƙin Lebura: Jawabi ga Jama'armu ta Jere

Daga Maris zuwa Afrilu, kafin saukar damina, 'ya'yanmu 'yan dako, leburorin gini da masu talla a bakin titin Kaduna zuwa Abuja su ke shan rana. Jiri, ciwon kai da amai gargaɗi ne. In mutum ya fara sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a garzaya asibiti. Ruwan sha da hutun tsakar rana ba alfarma ba ne, mu sa su cikin jinga tun farko. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda aiki ya nakasa. Mu nemi haƙƙinmu, kada kiranmu baƙi ya rufe mana baki.