Haɗa Ƙananan Kaji da Manya a Akurki Ɗaya

 Wannan bayani ya shafi wata hasara da kan auku a gidaje da yawa na Birnin Tarayya, watau kisan da manyan kaji ke yi wa ƙanana idan an zuba su wuri ɗaya.

A ƙauye abin bai cika yin tsanani ba. Kaza takan yi yawo da 'yan tsakinta, tana kare su har su yi kamar mako 6 zuwa 8, sa'an nan ta yaye su. Idan babba ta kai wa ƙarama sara, sai ƙaramar ta ruga ƙarƙashin rumbu ko bayan danga, magana ta ƙare. Amma a Kubwa da Nyanya da Karu da Lugbe, inda fili ya yi wuya, yawancin kaji a kulle suke dare da rana. Maigida ya sayo sagaru a kasuwar Dei-Dei ko ta Gwagwalada, ya zuba su cikin tsofaffin kajinsa da la'asar, gari na wayewa ya tarar an fige wa biyu baya, ɗaya kuwa an huda mata kai. Wanda ya ciyar da tsuntsu wata huɗu yana jiran ƙwai ya san zafin wannan.

Kaji suna da girma-girma a tsakaninsu. Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, shi ya fara bayyana haka a rubuce wajen 1921 da 1922. Ya lura cewa a kowane garke akwai kazar da ke saran kowa ba mai rama mata, akwai mai bi mata, haka har a kai ga ta ƙarshe. Kowace ta san matsayinta, shi ya sa ake zaman lafiya. Zuwan baƙi shi ke rushe wannan tsari, tilas a sake shi, kuma da baki ake sake shi. Saboda haka ɗan sara da kora na 'yan kwanaki ba abin damuwa ba ne. Abin tsoro shi ne a tsare ƙarama a lungu, ko a hana ta ci da sha, ko jini ya fito. Kaza in ta ga ja ba ta haƙuri, sauran ma sai su taru, kafin a farga sun kashe ta.

Kafin maganar faɗa ma, akwai ta cuta. An fara tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Nijeriya cikin watan Fabrairu na 2006, a wata gona kusa da Jaji ta Jihar Kaduna, daga baya ta iso yankin Abuja. Ciwon Niyukasil kuwa yakan share kajin gida, musamman da hunturu. Lalle ne a keɓe baƙin kaji nesa da na gida har mako 2 zuwa 4, da kaskonsu dabam, a riƙa duba kashinsu da numfashinsu, a duba ƙarƙashin fiffike ko akwai ƙwarƙwata. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin maganin rigakafin Niyukasil da na Gumboro, likitan dabbobi kuma shi zai faɗi lokacin da ya dace a ba su. Manyan gonaki ba su haɗa tsara da tsara ko kaɗan: sukan kwashe tsofaffi duka, su wanke ɗaki, kana su zuba sababbi. Mai kaji goma ko ashirin ne ba shi da wannan hali.

To, in an gama keɓewa, sai a dubi girma. Kada a haɗa sai ƙananan sun kusa kamo manyan a jiki, ga kajin ƙwai wajen mako 16 ke nan. Muddin suna kukan 'yan tsaki, ba su isa ba. Kada kuma a saka guda ɗaya tilo, gama dukan saran a kanta zai ƙare. Uku ko huɗu sun fi.

Dabarar da ta fi amfani ita ce a raba akurkin da ragar waya, ko a kife ƙananan da babban kwando mai faɗin ido a tsakiyar manya, har mako ɗaya ko biyu. Suna ganin juna, suna jin juna, amma baki ba ya kaiwa. A riƙa watsa tsaba a gindin ragar ta kowane gefe don su saba da cin abinci kusa da juna. Ranar da za a cire ragar, a zaɓi ranar da mai kiwo ke gida. Waɗansu sukan ɗora baƙin a kan sanda da dare bayan kaji sun kwanta. Wannan yana rage rikici, amma masu cewa kaji za su tashi da safe su manta akwai baƙi sun yi wa kaza ƙaramin sani. Sai an fito da asuba an tsaya a kansu.

Mazubin abinci ɗaya bai isa ba, don babbar kaza guda tana iya tsare shi yini zubur. A sa biyu ko uku nesa da juna, haka ma kaskon ruwa, ta yadda mai tsaron wannan ba ta hango wancan. A jingina tsohon faifai ko katako a bango don ƙarama ta sami mafaka, amma mafakar ta kasance da mafita biyu. A rataya ganyen zogale ko kabeji, a ba su gara in da hali, domin baki ya sami abin yi. Cunkoso da zafi da haske mai yawa duk suna ƙara faɗa, shi ya sa Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja ya fi tsanani, ba su dace da wannan aiki ba.

Akwai kuma batun abinci. Kazar da aka bari da dusa zalla takan rasa abin gina jiki da gishiri, sai ta koma cin gashin 'yar'uwarta. Har wa yau, abincin masu ƙwai yana da sinadarin kalsiyam kusan kashi 4 cikin 100, wanda ya yi wa ƙodar ƙananan kaji yawa. Gara a ba su duka abincin masu tasowa, a ajiye dakakken ɓawon kawa a wani kasko dabam, masu ƙwai za su ɗiba da kansu.

Idan an ji wa wata ciwo, a fitar da ita nan take, a wanke wurin da ruwan gishiri, a shafa shuɗin maganin nan da ake kira G.V. wanda ke rufe jan, kada a mayar da ita sai ta warke. Idan kuwa kaza ɗaya ce ta addabi kowa, ita za a ɗauke, a ware ta kwana 3 zuwa 7 inda ba ta ganin sauran. Sau da yawa takan dawo ta tarar an maye gurbinta. In ta ƙi dainawa, tukunya ko kasuwa ta fi mata. Yanke bakin kaza aikin gwani ne, kuma tun suna 'yan kwanaki ake yi. Wanda ya sa reza a bakin babbar kaza yana iya hana ta cin abinci.

Sai a ƙara sa ido ranar da sagaru suka fara ƙwai, don a lokacin ne duburarsu kan fito ja, sauran su kai mata sara. A tanadi gurbi ɗaya ga kowaɗanne kaji 4 ko 5, a sa shi a wuri mai ɗan duhu, a kuma riƙa kwashe ƙwai sau biyu ko uku a yini.