Jawabi ga jama'ar Tabotaki: maganin tazarar haihuwa kyauta ne, to wa ke biya?



Kowa ya san rurrutsa. Mace tana goyo, yaro bai yi tafiya ba, sai ga wani ciki. Nono ya ƙafe. Na goye ya rame, zawo ya kama shi, uwa kuma jininta ya ragu. Ga daka, ga ɗaukar ruwa, ga itace. Mai gida sau da yawa yana can wurin bida, a Najeriya ko Abijan ko Libiya. Tun kaka da kakanni mutanen Adar ba su son rurrutsa. Addini ma ya nuna a shayar da yaro shekara 2. Likitoci sun ce haka nan: mace ta huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani ciki.

Gwamnati ba yau ta shiga wannan magana ba. A 1984 aka buɗe cibiyar lafiyar iyali a Yamai. A 1985 Shugaba Seyni Kunce ya yi jawabi a Matamai, ya jawo hankalin ƴan ƙasa kan yawan jama'a da ƙarancin cimaka, lokacin ana cikin yunwa. A 1988 aka yi doka wadda ta halatta maganin tazarar haihuwa a Nijar. Amma doka daban, kuɗi daban. Macen ƙauye da ba ta da ko dala a bakin zane, doka ba ta sayo mata ƙwaya.

Saboda haka a 2006 gwamnati ta ce maganin tazara kyauta ne a gidajen likita na hukuma. A shekarar nan aka ce awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 su ma kyauta ne. Akwai ƙwaya da ake sha kullum. Akwai allura ta wata 3. Akwai wani ɗan abu kamar tsinken ashana da ake sa wa a damtse, yana aiki shekara 3 zuwa 5, in mace ta so haihuwa a cire mata. Ba ɗaya cikinsu da ke kashe mahaifa.

To amma kyauta ba ta nufin abin daga sama ya faɗo. Ana sayo maganin daga ƙasashen waje. Ana biyan mota ta kawo shi daga Yamai zuwa Tawa, daga Tawa zuwa Buza, sannan ya iso Tabotaki. Ana biyan ungozoma da malamin likita. Wani kaso na kuɗin daga baitulmalin ƙasa yake fitowa, wato daga harajin da talaka ke biya. Babban kaso kuwa, shekaru da yawa, daga masu taimako ya fito, kamar hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, da kuma Amurka.

Nan ne gizo ke saƙa. Bayan 2006 gidajen likita sun yi ta duba mata da yara ba kuɗi, suna aika takardun lissafi, suna jiran gwamnati ta biya su. Kuɗin ya yi ta makara, wani lokaci wata da watanni, har bashi ya taru. Gidan likitan da ba a biya ba, kantarsa kan zama wayam. Sa'an nan a 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta ba da taimako, ta kuma janye kuɗinta daga waccan hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda ke cin tuwo a akushin maƙwabci, ran da aka rufe ƙofa sai ya kwana da yunwa. Dole kason ƙasa ya ƙaru, kuma a biya shi kan lokaci.

A duba lissafi. Ƙidayar 1977 ta samu mutum wajen miliyan 5 a Nijar. Ta 2012 ta samu miliyan 17. Gonakin fadamar Keita da na Madawa ba su ninka uku ba. A 2012 ɗin nan, cikin matan aure 100, kamar 12 kaɗai ke amfani da maganin zamani. Macen da ta taka kilomita 10 a ƙasa don allurarta, aka ce mata babu, da wuya ta sake komawa. Wata 3 gaba, sai rurrutsa.

Maza na da nasu aiki. A jihar Damagaram aka fara makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, daga baya ta bazu zuwa wasu jihohi. Mai gida ya raka matarsa, ya ji bayani da kunnensa.

In aka je aka tarar babu magani, ko aka nemi kuɗi a kan abin da yake kyauta, kada a koma gida a yi shiru. A faɗa wa kwamitin kula da gidan likita. A faɗa wa mai gari da wakilan hukumar Tabotaki, su kai maganar wurin babban likita a Buza. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci su rubuta ranar da sunan maganin da aka rasa, su miƙa takardar.