Soyayya a Ɓoye Cikin Labaran Jiragen Ruwan Yaƙi



An nemi in ɗan yi tsokaci a kan littattafan ƙagaggun labarai na sojojin ruwan Ingila, waɗanda aka gina a kan yaƙe-yaƙenta da Faransa daga 1793 zuwa 1815. Da yawa daga cikinmu mun karanta su ne don ƙarar igwa da haukan teku. To amma akwai soyayya a cikinsu, sai dai a lulluɓe take, kuma wanda bai san harshen wancan zamani ba, ko dai ya wuce ta bai gani ba, ko kuma ya gan ta a inda babu ita.

Mu fara da Jane Austen, wadda 'yan'uwanta maza biyu, Francis da Charles, hafsoshin ruwa ne. A littafinta Persuasion, wanda ya fito a ƙarshen 1817, an zuga Anne ta rabu da Wentworth saboda ba shi da ko sisi. Bayan shekara takwas ya dawo yana kyaftin, da fam 25,000 na ganimar jiragen abokan gaba. Su biyun ba mai iya buɗe baki. Sai wata rana Anne ta shiga gardama da Kyaftin Harville a kan wa ya fi saurin mantuwa tsakanin mace da namiji, Wentworth kuwa yana gefe yana rubutu. Da Harville take magana, amma saƙon na Wentworth ne. Alƙalami ya suɓuce masa. Ya fita, ya dawo wai ya manta safar hannunsa, ya tura mata wasiƙa. Duk wanda ya tashi a gidan da mace ba ta ambatar sunan mijinta ko na ɗanta na fari ya san kunya ba ta nufin rashin so.

Wuri na biyu ya fi santsi, wato zaman maza da maza a jirgi wata da watanni. Patrick O'Brian ya rubuta littafi 20 cikakku a kan Kyaftin Jack Aubrey da likita Stephen Maturin, ya fara da Master and Commander a 1969. Da dare sukan zauna su yi kiɗa tare, ɗaya da ƙaramin gogen Turawa, ɗaya da babba. Likitan yakan kira kyaftin da kalmomin da in an juya su zuwa Hausa za su zama "ɗan'uwa" ko "abin ƙaunata". Wasu masu karatu na yau sun ce ai wannan zaurance ne, akwai wata a ƙasa. Ni ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

Na farko, haka mazan lokacin suke magana. A 1805, a yaƙin Trafalgar, Nelson yana bakin mutuwa ya roƙi Kyaftin Hardy ya sumbace shi, Hardy ya yi, ba kuma wanda ya ga abin kunya. Mu da muka saba ganin aminai biyu riƙe da hannun juna a kasuwa bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Na biyu, in O'Brian yana nufin wancan abu, yakan faɗe shi. A littafin farko akwai Marshall, jami'in da ke lura da hanyar jirgi, wanda zuciyarsa ta karkata ga Jack. Mutanen jirgi sun lura, Jack ne kaɗai bai gane ba. Marubucin da ya fito fili a kan Marshall ba shi da dalilin yin zaurance a kan jarumansa.

Amma akwai inda lulluɓin na gaske ne. Dokar sojan ruwa ta 1749, sashe na 29, ta yanke hukuncin kisa a kan luwaɗi, kuma a 1816 an rataye mutum huɗu daga jirgin Africaine. A irin wannan wuri magana tana iya kai mutum ga igiya. A Billy Budd na Herman Melville, wanda aka buga a 1924 bayan rasuwarsa, Claggart ya tsani saurayi Billy ba gaira ba dalili, har ya yi masa sharrin shirya tawaye. Marubucin ya yi ta nuna yadda Claggart ke kallon kyawun yaron, ya kuma nuna da ba don ƙaddara da hani ba, da ya so shi. Shi ya sa manazarta da dama ke ganin ƙiyayyar so ce da aka danne. Ƙarshenta duka biyun suka rasa rayukansu.

Abin da nake jan hankalinmu a kai shi ne, kafin mu yanke wa kalma hukunci, mu tambayi abin da take nufi a bakin mai ita da zamaninsa, mu kuma duba yadda marubucin ya saba faɗin abu a wasu wuraren. Malamanmu na adabi da ke zaune a nan sun koya mana haka tun muna aji uku, Allah ya saka musu da alheri. Ina roƙon ƙungiya ta sa waɗannan littattafai cikin gudummawar da za mu kai laburaren makaranta, don ƙannenmu su koyi karatu da natsuwa.