Ma'aunin Sabon Littafi

Tun gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, ake auna ƙagaggen labari, wato wanda marubuci ya ƙirƙira, da daɗin harshe da ƙarfin ƙullin zance. Littafin tarihi kuwa hujja ake nema a cikinsa, da bayanin inda marubucin ya samo labarinsa. Abin damuwa shi ne, sababbin littattafai suna isa garuruwa irin su Toranke da Gaya ta waya ba tare da manazarci ya yi musu sharhi ba, alhali Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano tarbiyya ta fi dubawa, ingancin rubutu kuma yana jiran malaman Jami'ar Bayero da marubutan jaridu.