Tashar Zariya a Bisa Tebur: Jawabi Kan Ƙera Ƙaramin Layin Dogo



An nemi mu yi bayani a kan aikin da muka sa gaba, watau ƙera ƙaramar siffar tashar jirgin ƙasa ta Zariya, da dogonta da ƙasar da ke kewaye da ita, a bisa tebur. Wasu sun ce wasan yara ne, irin motar kara da muka yi a ƙauye. Ba mu musa ba, don kuwa wanda ya iya fere ɓargon kara ya riga ya sami rabin hannun wannan sana'a. Sauran rabin lissafi ne da tarihi.

Dogon da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kuma a gindin tasharsa Sabon Gari ta kafu. Daga nan aka ja wani siririn layi zuwa Jos da Bukuru don ɗaukar kuza, aka gama shi a 1914, aka rufe shi a 1957. Na uku shi ne wanda ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, yana kwasar auduga da gyaɗa. Shi ne ya wuce ta nan Samaru ya bar wa Hayin Dogo suna. Layin Jos ya ɓace, waɗanda suka hau shi kuwa 'yan kaɗan ne suka rage, dukansu tsofaffi. In ba mu tambaye su yanzu mun ƙera abin da suka gani ba, nan gaba sai dai mu ƙera zato.

Wahala ta fari ita ce ta ma'auni. Yawancin ƙananan jiragen da ake shigowa da su an yi su ne bisa ma'aunin 1:87, a kan dogo mai faɗin milimita 16.5. Wannan kwaikwayo ne na dogon Turai mai milimita 1,435, irin wanda aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016. Tsohon dogonmu kuwa ƙafa 3 da inci 6 ne, watau milimita 1,067. In ka raba shi da 87 za ka sami 12 da 'yan kai, saboda haka dogo mai milimita 12 ya kamata a nema. In bai samu ba, akwai dabarar maƙera irin wannan a New Zealand, waɗanda dogonsu faɗinsa ɗaya da namu: su riƙe dogon 16.5, su ƙera taragu da gine-gine bisa 1:64. Layin Jos, mai ƙafa 2 da rabi, dogo mai milimita 9 ya dace da shi a 1:87. Mu dai a ganinmu, wanda ya ɗora jirgin Jamus a kan dogon Jamus, ya kewaye shi da itatuwan ƙasar sanyi, sa'an nan ya rubuta "Zariya" a allon tasha, bai ƙera Zariya ba.

Har ila yau, kilomita ɗaya a 1:87 mita 11 da rabi ne, tebur kuwa ƙafa 8 da 4 ne. Tilas a taƙaita, a zaɓi tasha da marabar layukan, a matso da Dutsen Kufena kusa fiye da yadda Allah ya ajiye shi.

To, sai ƙasa. Da me za a yi tudu da kwari? Yumɓu nauyi gare shi, yana kuma tsagewa. Takarda da koko na sitaci abincin kyankyaso ne. Katako ya sha damina ya kumbura, hunturu ya zo ya ƙanƙance, dogo ya karkace. Abin da ya fi shi ne farin soson nan mara nauyi da ke zuwa cikin kwalin firji da talabijin, wanda masu shaguna a Sabon Gari kan zubar. A jera shi hawa-hawa, a manne da farin gam na kafinta, a soke da tsinke har ya bushe. A nan a yi hattara: duk gam mai warin fetur, da fentin feshi, narkar da shi suke yi, kamar yadda masu liƙin rufin kwano kan narka shi cikin fetur. Ana fere shi da wuƙa mai kaifi, ko da siririyar waya mai zafi, amma a waje, don hayaƙinsa ba na shaƙa ba ne. Kwarin Kubanni yankewa ake yi ƙasa da shimfiɗar dogo, shi ya sa ake fara aza soso mai kauri tun daga tushe. Bayan an fere, sai fentin ruwa, a barbaɗa jar ƙasa tankaɗaɗɗiya tun yana ɗanye. Launin Zariya ba sai an saye shi ba, yana bakin hanya.

Shimfiɗa dogo shi ne inda haƙuri ke ƙarewa. Ƙusa ba ta kama soso, sai gam, a danne da littattafai masu nauyi kwana guda. Hawa kada ya wuce 2 cikin 100, in ba haka ba kan jirgin zai tsaya yana murza ƙafa a banza. Kwana kuma a shige ta sannu a hankali, don lanƙwasa ta farat ɗaya ita ke kayar da tarago. A mahaɗar ƙarafa a bar 'yar kafa wadda kati zai iya shiga, saboda zafin bazara. Injiniyoyin reluwe ma haka suka yi, shi ne ƙarar da fasinja ke ji a ƙarƙashinsa. A gwada jirgi gaba da baya sau da yawa tukuna, kana a zuba yashi a madadin tsakuwa, a ɗiga masa gam da aka tsinka da ruwa, ban da wurin da dogo ke rabuwa, don kada ya ƙage.

Abin da muke roƙo ga Ƙungiyar Ɗalibai ɗaki ne mai makulli, wanda ba ya yoyo. Ga 'yan'uwa na sashen zanen gine-gine kuwa, waɗanda ƙera ƙananan gidaje aikinsu ne na kullum, muna neman hannunsu a kan ginin tasha. Wanda kuma kakansa ya yi aikin reluwe, don Allah ya tambayo mana ta wane gefen tasha layin Jos yake fita.